VPN ɗin ofis ya ƙi buɗe mini, sai maganar satifiket yake ta kawowa

Maman_Hanif: Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Don Allah ina neman taimako. Jiya Litinin na koma bakin aiki bayan hutun haihuwa. Ofishinmu yana Abuja, ni kuma daga gida nake aiki a nan Unguwar Dosa, komai namu sai ta VPN ake shigarsa, wato hanyar tsaro da ke haɗa kwamfuta da sabar ofis. Laftof ɗin kusan wata huɗu tana cikin durowa ban ko kunna ta ba. Na buɗe AnyConnect, manhajar VPN ɗinmu, kamar yadda na saba, ina danna maɓallin shiga sai ya rubuto "Certificate Validation Failure", wato ya kasa tabbatar da satifiket. Ko gurbin sa suna da kalmar sirri bai nuna mini ba. Na kashe na kunna ya fi sau biyar, na sauya daga MiFi zuwa hotsifot ɗin waya, duk ɗaya. Na tura wa 'yan IT ɗinmu saƙo tun safiyar jiya, shiru. Ranar Alhamis zan miƙa rahoto, kuma duk takardun suna can cikin sabar ofis. Wallahi hankalina a tashe yake.

Ummu_Sadiq_Badarawa: Wa alaikumus salam. Barka da arziki Maman Hanif, Allah ya raya mana. Masana suna nan tafe in sha Allahu.

Injiniya_Malali: Barka da arziki Hajiya. Kafin a taɓa komai, duba ƙasa ta hannun dama a fuskar kwamfutar. Wace rana da wace shekara take nunawa?

Maman_Hanif: Ikon Allah! Injiniya, 1 ga Janairu 2018 take nunawa, ƙarfe 12 da 'yan mintuna. Ban ma lura ba sam.

Injiniya_Malali: To ga zargi na farko nan. Kowane satifiket, wato shaidar da na'ura ke nunawa don a tabbatar ko wace ce ita, yana ɗauke da ranaku biyu, ranar da ya fara aiki da ranar da zai mutu. Kwamfuta ba ta da hanyar sanin yau wace rana ce sai agogonta. In agogon ya ce 2018 ne, duk satifiket ɗin da aka yi bayan nan a wurinta ba a ma haife shi ba, dole ta ƙi shi. Abin da ke riƙe agogo idan na'ura tana kashe wani ɗan ƙaramin batir ne a kan allon ciki, yawanci CR2032, faɗinsa kamar kwabo. Wasu sababbin laftof ɗin ma ba su da shi, da babban batirin suke dogara, in ya zube ƙarƙaf agogo ya koma baya. Wata huɗu a durowa ya isa.

Ki shiga saitin rana da lokaci, ki tabbatar yankin lokaci yana kan West Central Africa, wato UTC+1, ki kunna saita lokaci da kansa, sannan ki danna Sync now. In ya ƙi, ki fara gyara ranar da hannu sannan ki sake dannawa, domin in tazarar ta yi yawa wani lokaci yakan ƙi daidaitawa.

DanKawo_Gyara: Injiniya ya faɗi gaskiya. A shago kusan duk sati sai an kawo mini irin wannan, musamman tokumbo. Mutum ya zo ya ce intanet ya lalace, kowane shafi ya buɗe sai jan gargaɗi, ashe batirin agogo ne. Amma Hajiya tunda kayan ofis ne kada ki bari kowa ya kwance mata ƙusa, ko ni ne. Wasu ofisoshin suna liƙa tambari a kan ƙusoshin, in ya yage ke za a tuhuma. Ki dai bar ta a caji ta cika.

Maman_Hanif: Na gyara, Allah ya saka da alheri. Yanzu shafuka suna buɗewa lafiya, ɗazu har Gmail yana ƙi. Amma VPN ɗin yana nan a kan bakansa, rubutun nan dai bai canja ba.

Sadauki99: Anti ki shiga saitin manhajar, akwai wani akwati mai cewa a toshe sabar da ba a amince da ita ba, ki cire alamar da ke ciki. In gargaɗi ya fito ki danna Connect Anyway. Ni haka nake yi kullum, yana wucewa. Ko kuma ki sauke VPN na kyauta ki yi aikinki kawai.

Anti_Barnawa: Sadauki ƙanena, don Allah ka daina ba mutane wannan shawarar, kai ma ka daina yi. Ruwa ba ya tsami banza. Wannan gargaɗin shi ne kaɗai abin da ke gaya maka cewa wanda ya amsa sallamarka ba lalle ne ofishinku ba ne. In ka zauna a Wi-Fi ɗin otal ko na wani wurin cin abinci, wani ya tsaya a tsakiya ya miƙo maka satifiket ɗin bogi, ka danna ka wuce, to sunanka da kalmar sirrinka a tafin hannunsa ka zuba. Shekara tara ina aikin tsaron na'urori, na ga yadda dannawa ɗaya ta jawo aka rufe asusun ma'aikatan sashe guda ana bincike har kwana uku.

Sannan ma ba zai yi wa Maman Hanif amfani ba, domin ba ciwonta ke nan ba. Satifiket biyu ne a harkar nan, mutane suna haɗa su. Akwai na sabar ofis, wanda take nuna wa kwamfutarki ta ce ni ce ofishinku. In shi ne da matsala, AnyConnect yakan kawo maganar "Untrusted Server". Akwai kuma naki, wanda aka dasa a cikin laftof ɗin, shi take nuna wa sabar ta ce ni kayan ofis ce, ba baƙuwa ba. Rubutun da kika gani galibi a kan wannan na biyun yake fitowa: ko babu shi, ko ya mutu, ko manhajar ta kasa kaiwa gare shi. Shi ya sa ko gurbin kalmar sirri ba a ba ki ba, tun a ƙofar gida aka tare ki.

Ki danna maɓallin Windows tare da R, ki rubuta certmgr.msc, ki buɗe Personal ki ga abin da ke ciki. In babu komai, ki sake da certlm.msc, wannan na na'urar ne kanta, wataƙila ya nemi izinin admin. Ki karanto mana ranar ƙarewa kawai. Kada ki ɗora hotonsa a nan, akwai sunan ofis da na sabar a jiki.

Sadauki99: Na ji Anti, ban san abin ya kai haka ba. Amma namu ofishin tun da aka sa mana shi yake kawo gargaɗin, shi mai IT ɗin ne ya ce mu riƙa wucewa.

Anti_Barnawa: To shi ne bai gama aikinsa ba. Mai yiwuwa satifiket ɗin da na'urar ta zo da shi daga kamfani ya bari, ko kuma adireshin IP ya ba ku alhali sunan sabar ne a rubuce a jiki. Ka tambaye shi cikin ladabi ko akwai suna da za ku riƙa sawa maimakon lambobi. Illar abin ita ce ya koya muku wuce gargaɗi, ran da na gaske ya zo ba wanda zai tsaya.

Abu_Fatima_Rigasa: Maganar VPN na kyauta da Sadauki ya kawo, a gyara masa. Wancan daban, na ofis daban. Na kyauta ɓoye inda kake yake yi ya fitar da kai ta wata ƙasa, ba shi da hanyar shiga cikin sabar ofishin kowa. Yawancinmu a lokacin da aka rufe Twitter muka san shi, daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, kuma har yau yana nan kwance a na'urorin mutane. Ni nawa na manta da shi a kunne, na ofis ya yi ta yankewa duk bayan 'yan mintuna, su biyun suna rigimar wa zai riƙe hanya. Daga ƙarshe ma aka kulle asusuna, wai an ga na shiga daga Kaduna da safe, bayan rabin sa'a kuma daga Jamus. Sai da na rubuta bayani.

Bintu_TudunWada: Tunda an buɗe maganar bari in shigo da tawa. Ni ba satifiket ba ne, "Login failed" yake ce mini, kuma na rantse kalmar sirrina daidai nake sawa. A waya tana shiga imel, a laftof ta ƙi.

DanKawo_Gyara: Bintu akwai alamar @ a cikin kalmar? Buɗe Notepad ki rubuta wannan alamar kaɗai ki gani. Kibod ɗin Ingila da na Amurka sun yi musayar wurin @ da alamar zance, a ɗaya Shift da 2 ne, a ɗayan kuma can kusa da Enter take. Tokumbo da yawa maɓallan na Ingila ne, Windows ɗin kuma an saita shi a na Amurka. In kuma kin sa kibod ɗin Hausa don rubuta ƙ da ɗ da ɓ, ki duba ba shi ne a kunne ba lokacin da kike sa kalmar, tunda ɗigo-ɗigo kawai kike gani ba za ki san abin da ya shiga ba.

Bintu_TudunWada: Kai! Malam DanKawo Allah ya biya ka. Alamar zance ce ke fitowa. Amma yanzu na gyara kuma ya ce an kulle asusun.

Malam_IT_Kinkinau: Saboda kin gwada da yawa ne. Yawancin ofisoshi sun saita adadin kuskuren da in an kai shi asusu zai rufe, wasu ya buɗe da kansa bayan ɗan lokaci, wasu sai an buɗe miki. Ki dakata haka nan, ki kira su. Abin da ya fi wahalar da mu ma shi ne wanda ya sauya kalmar sirri a kwamfuta ya bar tsohuwar a imel ɗin waya. Wayar tana aljihu tana ta gwada tsohuwar kalma, mu buɗe, bayan minti goma ta sake kullewa, mutum ya yi ta faɗa da mu.

Da lambar nan mai guda 6 ta Authenticator, manhajar waya da ke ba da lambar shiga: duk daƙiƙa 30 take sauyawa kuma da agogon waya ake lissafa ta. Masu tura agogon waya gaba da minti biyar don kada su makara, ku ne lambar ke ƙi wa shiga.

Yusufa_Mando: Mu FortiClient, wata manhajar VPN ta daban, muke amfani da shi. Ga wanda nasa ke tsayawa a kashi 40: sau da yawa akwai ƙaramin akwatin gargaɗin satifiket da ya ɓuya a bayan babbar tagar yana jiran amsa, ku duba layin ƙasa za ku gan shi. In a 48 ya tsaya, ku fara zargin suna, kalmar sirri ko lambar Authenticator. Na yi sati ina zagin sabis kafin wani ya nuna mini.

Anti_Barnawa: Yusufa, in an gano akwatin a karanta shi tukuna, kada a danna Yes don kawai a wuce. Abin da na gaya wa Sadauki ne.

Baba_Kabala: Ni dattijo ne a cikinku amma bari in tuna muku wani abu. Ƙarshen Satumba 2021, daidai kwanakin da aka katse layukan waya a wasu sassan jihar nan saboda tsaro, tsohuwar kwamfutata mai Windows 7 ta daina buɗe shafuka da yawa. Kowa na tambaya sai ya ce ai rufe sabis ne, alhali unguwarmu akwai sabis. Sai daga baya ɗana ya gano cewa wani tsohon tushen satifiket ne mai suna DST Root CA X3 ya ƙare ranar 30 ga Satumba, wanda shafukan da ke amfani da Let's Encrypt suka daɗe suna jingina da shi. Na'urorin da ke karɓar sabuntawa ba su ji komai ba, irin tawa da aka daina kula da ita ce ta sha wuya. Abu biyu suka faɗo lokaci guda, muka ɗora wa ɗaya laifin ɗaya. Shi ya sa nake jin daɗin yadda 'yata Maman Hanif ta kawo rubutun kamar yadda ya fito, ba ta tsaya a "ya ƙi yi" ba.

Injiniya_Malali: Gaskiya ne Baba. Kuma Windows 10 ma Microsoft ta daina ba shi sabuntawar yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, akwai ofisoshin da VPN ɗinsu ke duba wannan kafin ya bari a shiga.

Maman_Hanif: Ku yi haƙuri na ɗan ɓace, yaron ne ya tashi, ga shi an ɗauke wuta sai da na jira inbata ta ɗauka. Anti, na farkon, wato certmgr, babu komai a ciki. Na biyun, certlm, ya buɗe, akwai guda ɗaya mai sunan laftof ɗin, kuma ya ƙare sati biyar da suka wuce. Ina cikin jego ke nan.

Malam_IT_Kinkinau: To an gano. A tsarin Windows na ofis, irin wannan satifiket ɗin in ba a sauya saitinsa ba shekara ɗaya yake yi, kuma yakan sabunta kansa idan ya rage sati 6 ya ƙare. Sharaɗin shi ne na'urar ta iya magana da sabar cikin gida a wannan tsakanin, ko a ofis ko ta VPN. Taki tana durowa har lokacin ya shige. Yanzu sabon satifiket yana ciki, ke kuma ba ki shiga ciki sai da satifiket. An kulle ɗaki mukulli yana kan gado. Babu abin da za ki danna daga nan ya gyaru, dole sai 'yan IT ɗinku.

Maman_Hanif: Wato sai na je Abuja ke nan? Da jariri ɗan wata uku?

Abu_Fatima_Rigasa: In ta kama, jirgin safe daga Rigasa zuwa Idu, ki jona laftof ɗin a wayar intanet ɗin ofis na ɗan lokaci, ki biyo na yamma. Wani abokin aikina haka ya yi da ya dawo daga Hajji. Amma da goyo akwai wahala, ban ƙi ba.

Malam_IT_Kinkinau: Ba lalle ba ne. Ya danganta da yadda suka gina abinsu. Suna iya sa ta a wani rukuni na wucin gadi da ke karɓar kalmar sirri da lambar Authenticator kaɗai, ta shiga na sa'a ɗaya, na'urar ta karɓi sabo, su mayar da ita. Ko su haɗa mata fayil ɗin pfx, mai ɗauke da satifiket da makullinsa, su turo ta hanya mai tsaro, kalmar buɗe shi kuma su faɗa mata ta waya. In suna da reshe a Kaduna da ke haɗe da hedikwata, nan ma ya wadatar. Hajiya ki rubuta musu a taƙaice: rubutun kuskuren, ranar da satifiket ya ƙare, sunan na'urar, da cewa kin gyara agogo. Saƙon da ya zo a haka shi muke fara ɗauka domin an riga an yi mana rabin aikin.

Sadauki99: Ba za ta iya karɓar na wata abokiyar aikinta ba? A kwafo a turo mata ta WhatsApp.

Injiniya_Malali: A'a. In an kwafo shi a matsayin fayil ɗin cer, hoton katin shaida ne kawai, babu makullin sirrin da ke tare da shi, ba zai buɗe komai ba. Makullin kuma yawanci an hana fitar da shi, wasu ma a cikin TPM, guntun tsaro da ke jikin kwamfutar, yake zaune. Ko da ya fitu, duk abin da aka yi da shi sunan waccan baiwar Allah zai nuna. Aikin mutum biyu za a jefa cikin haɗari saboda rahoto ɗaya.

Ummu_Sadiq_Badarawa: Ni abin da ke ba ni haushi, ofis ya san mace za ta tafi hutun haihuwa, da takarda aka ba ta hutun. Me zai hana a duba a ce mata Hajiya satifiket ɗinki zai ƙare a wata kaza, ki riƙa kunna laftof kina shiga ko sau ɗaya a wata? Sai ta dawo a bar ta da tashin hankali, ga reno ga rahoto, a kira waya ba a ɗauka. Ni ma da na haifi na biyu kalmar sirrina ce ta mutu, kwana huɗu ina bin mutum ɗaya.

Malam_IT_Kinkinau: Kina da gaskiya Hajiya, ban kare kowa ba. Amma a wurinmu mu biyu ne a kan ma'aikata sama da ɗari, kuma sashen ma'aikata ba ya gaya mana wa ya tafi hutu. Sai dai mu ga na'ura ta yi shiru. Na sha roƙon a riƙa turo mana sunaye.

Ummu_Sadiq_Badarawa: To ai sabar tana nuna muku ranar da kowane zai ƙare, ko ba haka ba? Ba sai an turo suna ba.

Malam_IT_Kinkinau: Tana nunawa. Samun mai zama ya duba ne aikin. Na karɓi wannan.

Anti_Barnawa: Maman Hanif, abu ɗaya kafin su kira ki. Kin faɗa a fili cewa kina jiran 'yan IT, kuma ba kowa muka sani a nan ba. Duk wanda ya biyo ki ta akwatin sirri ko ya kira da baƙuwar lamba ya ce shi ne zai gyara, ya nemi kalmar sirri, ko lambar Authenticator, ko ya ce ki sauke AnyDesk, manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa, ya shiga, ki kashe ki kira lambar ofis da kika sani. Na gaskiyan ba ya buƙatar kalmar sirrinki, yana da ikon sauya ta ba tare da ya san ta ba.

Maman_Hanif: Wallahi Anti har mutum biyu sun riga sun yi mini magana ta gefe. Ban amsa ba.

Hamza_HayinBanki: Afuwan zan tsoma baki. Nawa yana haɗuwa lafiya, ya nuna kore, amma babban fayil ɗin ofis ba ya buɗewa in ina kan rauta ɗin gida. In na koma hotsifot ɗin waya sai ya buɗe. Shi ma satifiket ne?

Injiniya_Malali: Ba shi ba ne Hamza, tunda har ka shige ƙofa. Duba lambar da rauta ke rabawa. In gida yana kan 192.168.1 kuma sabar ofis ma tana kan 192.168.1, kwamfutarka za ta yi ta neman sabar a falonka. Hotsifot yana aiki ne don lambobinsa daban, na iPhone alal misali 172.20.10 yake bayarwa. Shiga saitin rauta ka sauya lamba ta uku zuwa wani abu kamar 57, ka kashe ka kunna. In bai yi ba mu duba DNS, wato abin da ke mayar da sunan sabar zuwa lambobinta.

Yusufa_Mando: Ko MTU, wato iyakar girman ƙunshin bayanai da ake turawa lokaci guda. Nawa a kan MiFi ƙananan shafuka suna buɗewa, manyan fayiloli su maƙale, sai da aka rage shi.

Injiniya_Malali: Yana yiwuwa, amma a bi su ɗaya bayan ɗaya, in an sauya uku lokaci guda ba za a san wanne ya yi maganin ba.

Maman_Hanif: Alhamdu lillahi, na tura saƙon yadda Malam na Kinkinau ya tsara, na sa shugabar sashenmu a ciki. Ba a yi minti arba'in ba aka kira ni da lambar ofis. Sun sa ni a wani rukuni, na shiga da kalmar sirri da lambar Authenticator, na kwashe takardun rahotona. Mai IT ɗin ya sa na rubuta gpupdate /force don laftof ɗin ta jawo saitin ofis, ya ce in bar ta a haɗe. Sai dai na sake leƙa certlm ɗin yanzu, tsohon nan ne dai shi kaɗai, sabo bai zo ba, kuma ya ce gobe da azahar zai cire ni daga rukunin.

Malam_IT_Kinkinau: Yakan ɗan jinkirta. Ki ce masa ya gwada certutil -pulse ta taga mai izinin admin, sannan ki danna F5 a cikin certlm ɗin, ba ya sabunta jerin da kansa. In har dare bai fito ba ki gaya masa tun yau, kada ya cire ki sai kun ga sabuwar ranar da idonku.

DanKawo_Gyara: Kuma Hajiya yau da dare ki kashe ta gaba ɗaya ki zare caja, da safe ki duba agogon kafin ki buɗe komai. In ya sake komawa 2018 ki haɗa da maganar batirin a cikin saƙon, su san da ita.

Hamza_HayinBanki: Injiniya na sauya zuwa 57, yanzu firintar gida ce ta ɓace. Ita ma sai na sake mata lamba ne?